Gonar da na sayar don kwamfuta ta koyi ƙirga buhu

Ranar Larabar da ta wuce na shiga wani shagon kwamfuta a Jekadafari a canza mini batirin laftof, sai na iske ɗan yayata a tsaye gaban kanta yana ciniki. Bai gan ni ba. Katin hoto na kwamfuta na kamfanin Nvidia yake nema, irin wanda ake horar da manhaja da shi. Mai shagon yana ce masa sai dai a yo oda daga Legas, kuma farashin yau ba shi ne na gobe ba tunda da dala ake lissafi. Da kunnena na ji yaron nan ya ce kuɗi ba matsala, an riga an taya kekensa. Keke Napep ɗin da uwarsa ta kwashe adashi biyu ta saya masa bayan ya gama bautar ƙasa ya rasa aiki.

Na dafa kafaɗarsa. Ya ɗan rusuna ya ce "Kawu, ina wuni," kafin in amsa har ya zaro waya. Kyamara za a kafa a ƙofar makaranta, ta gane fuskar kowane ɗalibi, ta rubuta ya zo, ta tura wa ubansa saƙo. Wai duk makarantun kuɗi na Gombe rububinta za su yi. Na ce makaranta nawa ka yi magana da su? Ya ce sai ya gama haɗawa tukuna, kada a sace masa dabara.

Ko wasali bai canza ba daga abin da na faɗa wa Inna a 2018, ranar da na sayar da gonar da na gada a hanyar Dadin Kowa.

Kada wani ya ce hauka ce ta kama ni. Duk mai bibiyar wannan fanni na idon kwamfuta, wato koya wa na'ura ta kalli hoto ta faɗi abin da ke ciki, ya san iskar da ta kaɗa a shekarun nan. A 2012 wasu ɗalibai biyu da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka shiga gasar gane hotuna, kuskurensu ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, mai bi musu yana can 26.2. Da me suka yi aikin? Da katin wasan kwamfuta guda biyu. Wannan "guda biyu" shi ya cinye ni. Na ce in kati biyu sun isa a girgiza duniya, ni da na yi karatun kwamfuta a Bauchi me zai hana ni? A 2017 Intel ya sayi Mobileye, mai yi wa motoci ido, kan dala biliyan 15.3. A shekarar dai John Deere mai taraktoci ya biya dala miliyan 305 ya sayi wani ƙaramin kamfani da na'urarsa ke bambance shuka da ciyawa, ta fesa wa ciyawar magani ita kaɗai. Farkon 2018 Amazon ya buɗe kanti a Seattle inda za ka ɗauki kaya ka fice abinka, kyamarori su yi lissafi. Ga rahotannin hasashe kuma, kowanne da nasa adadin biliyoyin, ba biyun da suka zo ɗaya, amma duk sama kibiyarsu ke nunawa. Nakan raba dare ina karanta su kamar mai bitar hadda.

Tawa dabarar, har gobe ina ganin ba ta banza ba ce. Wanda ya taɓa tsayawa a Tudun Hatsi da kaka ya san rigimar ƙirga. Mai sito ya ce ɗari shida aka loda, direba ya ce saura uku, 'yan dako su ce a biya su kan ɗari shida da biyu, a yi ta rantse-rantse har la'asar. Na ce to ga maganinta: kyamara a saman ƙofar sito, duk buhun da ya gifta ta ƙirga, adadi ya fito a wayar mai kaya ko yana Makka.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, waɗancan ɗalibai na Toronto sun tarar da tuwo a tuƙe. Wata malamar jami'a a Amurka, Fei-Fei Li, da mutanenta sun riga sun tara rumbun hotunan ImageNet, wanda ya haura miliyan 14, kuma mutane aka biya suka laƙaba wa kowane hoto suna. A cikinsu ba buhun wake a duhun sito, a kan ɗan dako mai gammo. Ni na koma ina ɗaukar hoto da kaina, ni da yara biyu da nake biya, muna zagaye buhu da linzamin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ganin buhu a mafarki. Wata huɗu muka yi a haka. A ɗakina na Pantami abin yana aiki kamar sihiri.

Wani Alhaji abokin mahaifina ya yarda in gwada a sitonsa, don kara kawai. Ranar gwajin hazo ya sauko. Kafin tirela ta kai rabi ƙurar masara ta rufe gilashin kyamarar, na hau tsani ina gogewa da hannun riga, 'yan dako suna dariya suna ce mini "Injiniya, a wanke mata ido!" Wani ƙato ya ɗauko buhu biyu a tare, ta ƙirga ɗaya. Wani ya fita da buhu, aka ga ya yage ya dawo da shi, ta ƙirga biyu. Aka ɗauke wuta, batir ya riƙe na ɗan lokaci shi ma ya bi. Duk wannan abin, akawun sito, wani siririn yaro da ko sakandare bai gama ba, yana zaune kan benci da littafinsa yana jan layi huɗu ya soke da na biyar. Da aka gama lodi adadinsa ya zo daidai da na direba. Nawa ya gaza da ashirin da wani abu.

Alhaji bai yi mini dariya ba, gara ma a ce ya yi. Ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, a ce ma ta ƙirga daidai. Ranar da buhu ya ɓata, wa zan kama? Wancan na san ubansa, na san gidansu. Ita wannan wa zan kai wa ƙararta?" Na ce ranka ya daɗe ai ba ta ƙarya. Ya ce ba ta kuma biyan diyya.

Da ina da hankali a nan zan tsaya. Sai na ce matsalar kyamara ce, na sayi mai tsada. Na ce matsalar wuta ce, na sa sola. Shekara biyar ina zuba kuɗi, ko mutum ɗaya bai taɓa ba ni kafin alƙalami ba. Amma a yi adalci, daga baya sai da ta riƙa ƙirga kusan daidai, kuma da a ƙasar da wuta ke tsayawa nake, da akwai masu zuba jari a kusa, da yanzu wani zancen ake. Amazon ma da duk dukiyarsa a 2024 ya cire waccan fasahar ta kyamarori masu lissafi daga manyan kantunansa na kayan abinci a Amurka. In giwa ta ja da baya, wane ni? Haka nake lallashin kaina in na bi ta gefen gonar na ga masarar wani a tsaye. Gaskiyar dai ita ce ban taɓa tambayar kowa ko zai biya ba. Da aka saki naira a tsakiyar 2023, dalar da muke saye ɗari huɗu da wani abu ta haura dubu da ɗari biyar a farkon 2024, na rufe shago. Inna ba ta taɓa goranta mini ba, wannan ya fi ciwo.

Kasuwar kuwa ta girma kamar yadda aka yi hasashe, wannan ba ƙarya. Sai dai a duba aljihun da kuɗin ya shiga. Nvidia mai sayar da katin ya kai darajar dala tiriliyan ɗaya a 2023. Kyamarorin Hikvision da Dahua na China sun cika gidajen mai da kantunan garin nan, kuma da yawansu yanzu daga masana'anta suke zuwa sun iya bambance mutum da mota. Manhajojin gane hoto irin su OpenCV da YOLO kyauta ake sauke su. Abin da na sayar da gona don in gina, yau gyara ake ba da shi a kan kyamara, kamar yadda mai ƙosai ke ƙara maka ɗaya.

Da na koma gida a daren nan na ɗauki takarda da niyyar rubuta wa yaron shawara goma. Da na soke waɗanda kwalliya ce kawai, ko rabi ba su rage ba.

Kada ka sayar da keken. Google na ba da aron irin wannan katin ta intanet a shafinsa mai suna Colab, kyauta, na 'yan sa'o'i. Ya ishe ka ka gane ko dabararka na da rai. Amma ku yaran yanzu kun fi son kaya mai fitilu da za a ɗauka hoto a sa a Facebook, a rubuta "shugaban kamfani" a ƙarƙashin suna, kamfanin da ko kujera ba shi da ita.

Je ka wurin mai makaranta kafin ka rubuta layi ɗaya. In bai ba ka kafin alƙalami ba, ko na cefane ne, to "Allah ya sa albarka" ɗin da ya ce maka sallama ce. Zai tambaye ka me ya fi malamin aji da rajista, wanda ba ya shan wuta. Zai tambaye ka 'yan mata masu niƙabi fa. Ka kuma sani fuska ba buhu ba ce. A 2018 wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin manyan kamfanoni kan faɗin namiji ne ko mace, kuskure a kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7, a kan fararen maza bai wuce 0.8 ba. An gyara da yawa tun lokacin, amma ranar da na'urarka ta tura wa uba saƙo cewa 'yarsa ba ta zo makaranta ba alhali tana aji, kai za a nema. Ga dokar kare bayanai ta 2023, wadda ke neman yardar iyaye kafin a tara bayanan yara. Ka karanta ta? Na san ba ka karanta ba, ta wuce shafi biyu.

Ka koyi hawa tsani. Kafa kyamara, jan waya, haɗa sola, goge gilashi duk wata, shi ke ciyar da gidana yanzu, kuma ba na jin kunyarsa. Sai dai ina rubuta wannan raina yana sosuwa. In kowa ya zama mai kafa kayan China, wa zai tara hotunan tsutsar nan da ta shigo wa masararmu tun 2016? Wa zai koya wa na'ura gane cuta a idon mai ciwon suga na ƙauyukanmu, tunda a Amurka tun 2018 aka amince da irinta? Dole wani ya yi kasada. Ka yi ta mana, ka yi da ƙarfi ma, kada ka saurari tsoffin da suka faɗi. Amma ba da keken uwarka ba.

Jiya na bi ta sito na ga tsohuwar kyamarata tana nan a saman ƙofa, gizo-gizo ya yi mata saƙa, wayarta a tsinke tana lilo. Na ce wa Alhaji bari in cire masa ita. Ya ce kul, tun da aka maƙala ta yara suka daina huda buhu, kowa na zaton tana kallonsa. Ya zaro dubu biyu ya ce in sha mai. Shi ne kuɗin farko da ta taɓa kawo mini.

Na tura wa yaron abin da na rubuta tun da asuba. Ya gani, alamar ta yi shuɗi. Sai bayan azahar ya amsa: "Kawu, tsohuwar kwamfutarka tana nan? Katin da ke cikinta yana aiki?" Na ce ya zo Asabar, ya zo a kan kekensa.