Darussan tantance jemagun kogo a dazuzzukan Malesiya

Abu na farko da aikin nan ke koya wa mutum shi ne ido kaɗai ba ya raba jemagun kogo. A Malesiya an daɗe ana ɗaukar Hipposideros bicolor, wani jemage mai hanci kamar ganye, a matsayin iri ɗaya, sai a 2001 bincike ya nuna iri biyu ne masu kama kamar an tsaga kara: ɗaya na kuka a kilohaz (ma'aunin kaifin sauti) 131, ɗayan a 142. Kunnen mutum bai wuce 20 ba, don haka dole a nemi na'urar naɗar sauti. A duba ta tun a gida. Wadda ke ɗaukar samfurin sauti 256,000 a daƙiƙa iyakarta rabin hakan ne, wato kilohaz 128, duka biyun za su wuce ta. Mai 384,000 ita ce daidai.

Wajen kamu ma raga tana ba da kunya. Masu hancin ganye da masu hancin kofaton doki suna gane ta da amsa-kuwwar kukansu su kauce, wanda ya faɗa kuwa sai ya tauna ya fice. Tarkon zare ya fi: firam na ƙarfe, zaren fatsa a tsaye jeri huɗu, jakar yadi a ƙasa. A kafa shi a ƙaramar ƙofar kogo ko siririyar hanyar daji kafin magariba. Amma kada a yi gangancin tare bakin kogo irin Kogon Barewa na gandun dajin Gunung Mulu a jihar Sarawak, inda jemagu masu tattararren leɓe ke fitowa miliyoyi. Cikin minti kaɗan jakar za ta cika, na ƙasa su mutu da zafi.

Idan jemage ya zo hannu, a auna ƙashin hannunsa da milimita, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, sannan nauyi, sannan a ƙirga ƙananan ganyayyakin gefen hanci. A haska gaɓoɓin yatsu da tocila: in haske na ratsawa, yaro ne, kuma awonsa zai ɓatar da lissafi. Jaka ɗaya, jemage ɗaya. Mace mai ciki ko mai shayarwa a sake ta nan take.

Inda aka same shi ma shaida ne, sai dai mutane na mantawa su rubuta. Duwatsun farar ƙasa a warwatse suke kamar tsibirai cikin daji, tsauni biyu maƙwabta na iya bambanta a mazauna. Eonycteris spelaea, mai shan ruwan fure da ke barbarar itacen duriyan, yana son manyan ɗakunan kogo masu duhu, wasu kuma rumfar bakin kogo ta ishe su.

Takunkumi da safar hannu wajibi ne, haka rigakafin ciwon haukan kare. Ƙurar busasshen kashin jemage na ɗauke da ƙwayar cutar huhu, tana tashi da zarar an taka.