Litinin, 21 ga Nuwamba, 2022: Taken da Ba a Rera Ba a Doha

Tun da Ghana ta yi waje da mu a Abuja cikin watan Maris na ƙudurta cewa ba zan ɗora wa raina gasar cin kofin duniya ta Qatar ba, amma da aka tashi daga makaranta yau na sallaci Azahar, sai na zarce gidan kallon da ke bakin layinmu, domin da ƙarfe biyu Ingila za ta kara da Iran a filin wasa na Khalifa. Wurin ya cika maƙil tun kafin lokaci, akasari magoya bayan Arsenal ne da suka zo saboda Bukayo Saka. Na sami gefen benci kusa da wani dattijon maƙwabcinmu, tsohon soja da ya yi aikin ECOMOG a Laberiya, wanda duk unguwa ke kira Baba, ɗan yayata kuma ya tsaya a bayanmu.

A al'adar gidan kallo, lokacin taken ƙasa shi ne lokacin ƙarasa gardama da biyan kuɗin shiga, ba mai ɗaga kai ya dubi talabijin. Haka aka fara yau ma, har sai da wani daga gaba ya ce a duba, mutanen nan ba rerawa suke yi ba. Kyamara ta bi 'yan wasan Iran ɗaya bayan ɗaya, su goma sha ɗaya, kowa ya ɗora hannu a kafaɗar na kusa da shi, baki a rufe ruf, fuska a murtuke, kiɗan taken yana tashi shi kaɗai. Daga cikin 'yan kallo kuwa ana jin fito da ihun ƙin amincewa, kuma daga ɓangaren Iraniyawan kansu yake fitowa. An nuno wata mata tana share hawaye. Gidan kallon namu ya yi tsit, in ban da ƙarar janareta a bayan langa-langa. Jim kaɗan bayan haka, dab da take wasa, 'yan Ingila suka durƙusa da gwiwa ɗaya a kan ciyawa, suka miƙe, aka fara taka leda.

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne ga mai sauraron labarai. Ranar 13 ga Satumba 'yan sandan kula da ɗa'a suka kama Mahsa Amini a Tehran, budurwa 'yar shekara 22, Bakurdiya daga garin Saqqez, bisa zargin cewa ba ta lulluɓe kanta yadda doka ta tanada ba, kuma ranar 16 ga watan ta rasu a asibiti. Hukuma ta ce rashin lafiyar da take da ita ce ajalinta, iyalinta sun musanta, kuma daga nan zanga-zanga ta ɓarke a birane da yawa, yau sama da wata biyu ke nan, inda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ke cewa waɗanda aka kashe sun kai ɗaruruwa, har da yara. 'Yan wasan sun shiga halin gaba kura baya sayaki. Kafin su taso sun gana da Shugaba Ebrahim Raisi, sai masu zanga-zanga suka ce tawagar gwamnati ce, ba tasu ba. Idan kuma suka nuna goyon baya ga jama'a, gida za su koma, iyayensu da matansu suna can. Jiya kyaftin ɗinsu, Ehsan Hajsafi, ya yi wa iyalan mamatan ta'aziyya a gaban 'yan jarida, ya kuma ce dole a yarda cewa halin da ƙasar ke ciki ba daidai ba ne, mutane ba sa jin daɗi.

Wasan kansa bai yi wa Iran kyau ba. Mai tsaron ragarsu Alireza Beiranvand ya yi karo da ɗan bayansa tun da wuri, jini na zuba daga hancinsa, aka bar shi ya ci gaba na ɗan lokaci kafin a fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Bellingham, Saka da Sterling suka ci uku kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 6 da 2, Mehdi Taremi ne ya ci wa Iran duka biyun.

A lokacin hutun ne aka yi maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Baba ya juyo ya ce mini, "Malam, take ba na gwamnati ba ne. Gwamnati zuwa take yi ta tafi. Ni na ga an lulluɓe abokaina da tuta an sa su a rami, saboda haka duk wanda ya ji taken ƙasarsa ya yi gum, waɗannan ya wulaƙanta, ba masu mulki ba." Bai ɗaga murya ba, kuma ba wanda ya katse shi. Ɗan yayata shi kuma ta wata fuskar ya ɓullo. Ya ce, "Kawu, wannan duk makircin Turawa ne. Iran ta ƙi yi musu biyayya, shi ya sa suke zuga yara su ƙona hijabi." Da yawa a wurin suka gyaɗa kai.

Maganar Baba ta fi yi mini nauyi, domin ni ma kowace safiya ina tsayar da ɗalibai a layi su rera taken ƙasa, kuma ina tsawatar wa wanda ya yi wasa a lokacin. Abin da na iya gaya masa shi ne labarin asalin durƙuson da 'yan Ingila suka yi. A watan Agustan 2016 Colin Kaepernick, ɗan wasan zari-ruga irin ta Amurka a ƙungiyar San Francisco 49ers, ya fara zama a benci idan ana taken ƙasa, makonni kaɗan bayan 'yan sanda sun harbe Alton Sterling a Louisiana da Philando Castile a Minnesota. Da aka tambaye shi ya ce ba zai miƙe ya nuna alfahari da tutar ƙasar da ke danne baƙaƙen fata ba. Wanda ya ba shi shawarar ya bar zama ya koma durƙuso tsohon soja ne na rundunar musamman, Nate Boyer, wanda abin ya ɓata wa rai da farko, ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa, suka haɗu suka tattauna, ya nuna masa cewa sojoji kan durƙusa a gaban kabarin abokinsu don girmamawa. Ranar 1 ga Satumba a San Diego Kaepernick ya durƙusa tare da Eric Reid, Boyer yana tsaye a gefensu da hannu a ƙirji. Baba ya yi jim, sannan ya ce, "To, wannan sojan ya san aikinsa, amma ni da ƙafafuna zan tsaya." Ban ga abin musu a nan ba. Haƙƙinsa ne ya tsaya, kuma ya biya kuɗin tsayuwar tasa da ƙuruciyarsa.

Ɗan yayata kuwa sai da na tuna masa cewa a 2020, lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis sama da minti tara, shi ne ya cika shafinsa na Facebook da hotunan 'yan wasa a durƙushe yana kiransu jarumai. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ba na musun cewa manyan ƙasashen Yamma suna da muradinsu a kan Iran, kuma suna murna da duk abin da zai girgiza ta. Ni Musulmi ne, hijabi kuma abin girmamawa ne a gidana. Sai dai yarinyar nan da ranta ta shiga hannun hukuma, gawarta aka miƙa wa iyayenta, kuma addinin da muke cewa muna karewa ya fi kowa tsanantawa a kan jinin mutum guda. Idan tambayar yadda mutum ya mutu a hannun ɗan sanda jarumta ce a Minneapolis, ban ga ta yadda za ta zama cin amana a Tehran ba, sai dai idan abin da muke aunawa shi ne wace gwamnati muke so, wace muke ƙi.

Bayan sallar Isha'i na ci gaba da juya abin a raina, musamman labarin Mahmoud Abdul-Rauf, wanda ya kamata Musulmin ƙasar nan su sani fiye da yadda suka sani. Chris Jackson ne sunansa na farko, haifaffen Mississippi, gwanin ƙwallon kwando a Denver Nuggets, ya musulunta a 1991. A kakar 1995 zuwa 1996 ya daina tsayawa wa taken Amurka, ya ce tutar alama ce ta zalunci a wurinsa. A watan Maris na 1996 hukumar NBA ta dakatar da shi, ya rasa wasa ɗaya, sannan aka daidaita cewa zai tsaya amma ya ɗaga tafukansa yana addu'a, kai a sunkuye. Haka ya yi a Chicago ana yi masa ihu. Da kakar ta ƙare aka sallama shi ga Sacramento, tauraronsa ya dushe, a 2001 kuma gidansa na Mississippi ya ƙone. Kafin shi akwai Tommie Smith da John Carlos, waɗanda ranar 16 ga Oktoba, 1968, a gasar Olympics ta birnin Mexico, suka hau dandalin karɓar lambar tseren mita 200 ba takalmi, sai baƙar safa, suka sunkuyar da kai, kowannensu ya ɗaga dunƙulallen hannu cikin baƙar safar hannu har aka gama taken. An kore su daga masaukin 'yan wasa. Baturen Ostireliya da ya zo na biyu, Peter Norman, ya maƙala bajon goyon bayansu a ƙirji, kuma da ya rasu a 2006 su biyun suna cikin masu ɗaukar akwatin gawarsa. Kaepernick kansa, wanda ya kai ƙungiyarsa wasan ƙarshe na Super Bowl a 2013, tun da kakar 2016 ta ƙare ba ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa, ko da yake a Yunin 2020 shugaban NFL, hukumar gasar zari-rugar Amurka, Roger Goodell, ya fito ya ce sun yi kuskure da ba su saurari 'yan wasa ba.

Masu cewa a raba wasa da siyasa sukan manta da wanda ya fara haɗa su. Ɗan wasa bai roƙi a kafa tuta a fili ba, bai kuma nemi a jera shi a gaban kyamara a kaɗa masa take ba. A Amurka ana taken ƙasa ko da ƙungiyoyin birane biyu na ƙasa ɗaya ne za su kara, kuma a 2015 sanatoci biyu, John McCain da Jeff Flake, sun fitar da rahoton da ya nuna cewa ma'aikatar tsaro ta biya ƙungiyoyin wasanni miliyoyin daloli don shirya bukukuwan karrama sojoji a filaye. Wanda ya tsayar da mutum a gaban duniya don ya shaida cewa ƙasarsa lafiya lau take, ya kamata ya san cewa wata rana mutumin zai iya ƙin ba da wannan shaidar.

Duk da haka ba na ɗora durƙuson Ingila da shirun Iran a sikeli ɗaya. Ba na raina na Ingila, domin Saka da Rashford, waɗanda dukansu suka ci ƙwallo yau, su ne aka yi wa ruwan zagin wariyar launin fata tare da Jadon Sancho bayan sun ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na gasar Turai a Wembley bara, saboda haka sun san abin da suke durƙusawa a kai. Amma da yardar kocinsu da hukumar ƙwallonsu suka yi, bayan an gama take, kuma ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar mahaifiyarsu da tsakar dare. A yau ɗin nan ne ma hukumomin ƙwallon ƙasashen Turai bakwai, har da Ingila, suka janye shirin kyaftin-kyaftin ɗinsu na ɗaura kambun OneLove, sa'o'i kaɗan kafin wasa, da FIFA ta ce za a ba duk wanda ya ɗaura katin gargaɗi. Saƙon kambun magana ce ta daban wadda ba zan shiga ba a nan. Abin da na lura da shi kawai shi ne katin gargaɗi ya isa ya mayar da su baya, alhali waɗancan samari goma sha ɗaya sun san cewa jami'an ƙasarsu suna kallon bakin kowannensu, sun kuma san irin abin da ake yi wa masu zanga-zanga a gida, amma suka rufe shi.

Da yamma Senegal ta sha kashi 2 da nema a hannun Holan, abin da ya ƙara dagula wa 'yan gidan kallo lissafi, wasan Amurka da Wales kuwa a rediyo na ji an tashi kunnen doki 1 da 1. Iran za ta kara da Wales ranar Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya na safe agogonmu, sannan ta haɗu da Amurka ranar Talata mai zuwa, wasan da siyasa za ta yi wa rumfa tun kafin a busa usur. Ina fargabar irin matsin da za a yi wa 'yan wasan nan da iyalansu daga yau zuwa Juma'a, kuma idan suka buɗe baki suka rera a ranar ba zan zarge su ba. Ina roƙon Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuma mayar da samarin nan ga iyayensu lafiya.