Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Ranar da Aka Kai Malam Tela Barnawa

A makon jiya mun tsaya a inda Malam Tela, kamar yadda muke kiran mai wannan labari, ya rufe shagonsa na Tudun Wada a Kaduna bayan Ƙaramar Sallah, ya kashe waya, ya shige ɗaki. Shaddodin mutane na jibge a kan teburi ko almakashi ba a sa musu ba. Masu karatu za su tuna cewa tun kafin azumi ya sha zuwa asibitin unguwa da ƙorafin faɗuwar gaba, aka auna maleriya da taifod da suga, aka ɗauki hoton bugun zuciya, aka ce komai lafiya, ya je ya huta.

Shi kuwa ya san abin da yake ji. Yana zaune a kan keken ɗinki sai zuciya ta hau dukan uku-uku, gumi ya jiƙe masa taguwa, ƙirji ya ɗaure, yatsu da leɓe su yi ta tsikari, har ya fara kalmar shahada. Wannan farmakin fargaba ne. Jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin alhali babu wani haɗari, numfashi ya yi sauri, saurin numfashin ya rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, daga nan jiri da tsikarin ke zuwa. Farmakin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin minti 10, ya lafa kafin rabin awa. Asibitin unguwa sun yi daidai da suka fara duba zuciya, don bai kamata a kira ciwon ƙirji fargaba ba sai an tabbatar zuciya lafiya take. Sai dai aikin ya tsaya a rabi.

Yayansa ne ya shigo ranar wata Lahadi, ya tarar da shi kwance da rana tsaka.

“Gobe ka shirya, za mu je Barnawa.”

“Haba Yaya, ni mahaukaci ne? Me na yi wa mutane?”

“Ba ka yi wa kowa komai ba. An yi tofi, an sha rubutu, an yi ruƙiyya, kuma ba za mu daina addu'a ba. Amma yau kwana nawa rabonka da jam'i?”

Tsoron Malam Tela ba daga sama ya faɗo ba. A Kaduna ambaton Barnawa kaɗai kan sa mutum ya hango ɗauri da allurar barci, kuma mutanen gari ba su manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan gyaran hali a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa. Amma wancan gida ba asibiti ba ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa wuri ne na likitoci da nas-nas, kuma akasarin masu zuwa da damuwa ko fargaba kati suke yanka, su ga likita, su karɓi magani, su koma gida a ranar. Tun watan Janairun 2023 ma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma sabuwar ta amince cewa majiyyaci na da haƙƙi a kan yadda za a yi masa magani. Wanda ya fi kusa da Zariya kuma akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika.

Yaya ya yi dabara biyu da suka taimaka ƙwarai. Ya sa aka tattara duk wani abu da ƙanin nasa ke sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da maganin ƙarfin maza da ke ƙarƙashin katifa. Sannan ya ce uwargida za ta bi su. Namiji idan ya shiga wurin likita shi kaɗai, rabin labari yake bayarwa, kuma rabin da ya ga ya dace da mutuncinsa.

Likita ya zazzage ledar a kan teburi. Ga amitiriftilin mai miligiram 25, ga diyazefam mai miligiram 5 wanda aka fi sani da baliyam, duka daga wani kemis da ya ce za su kwantar masa da hankali. Ga kuma ragowar katin tiramadol. Ya yi tambayoyin fargaba da na damuwa ɗaya bayan ɗaya: barci, cin abinci, sha'awar aiki, sha'awar iyali, tun yaushe. Ya tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Malam Tela ya sunkuyar da kai, ya ce yakan ji da ma ya kwanta kada ya tashi, amma tsoron Allah ya hana shi wuce nan. Ina roƙon 'yan uwa su daina jin tsoron wannan tambaya. Yin ta ba ya dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ce ke ba shi damar sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai.

Sai likita ya juya ga abin da babu wanda ya taɓa tambaya.

“Malam, an taɓa yin wasu kwanaki da ka ji ƙarfi fiye da yadda ka saba, barci kaɗan ya ishe ka, kuma ba ka gaji ba?”

“A'a likita, sai dai lokacin da na samu lafiya, a goman ƙarshe.”

Uwargida ta gyara mayafi ta ce, “Likita, a yi mini izini. Baban yara bai fi barcin awa biyu ba a waɗancan kwanakin, kusan mako guda. Magana ba ya bari kowa ya sa baki. Ya karɓi ɗinkin da mutum uku ba za su gama ba, ya ciyo bashin injin surfani har biyu, ya ce zai buɗe wani shago a Kawo. Ya kori yaron shagonsa saboda maɓalli ɗaya. Kuɗin cefanen Sallah a majalisa ya rabar.”

A nan ne maganar ta fito fili. Abin da Malam Tela ke kira samun lafiya, shi ne ɗaya ɓangaren ciwon. Likitoci na kiransa baifola: yanayin mutum ya hau sama na kwanaki, sannan ya faɗo ƙasa na makonni. Ana lissafa hawan idan ya kai kwana 4 a jere kuma na kusa da mutum sun ga ya canza, mai tsanani kuma shi ne wanda ya kai mako guda ko ya kai ga kwanciya a asibiti. Saukar kuwa sai ta kai mako 2. Alamar da ta fi rarrabewa ita ce barcin. Kowane tela a Kaduna na kwana ɗinki a goman ƙarshe, amma mai lafiya gyangyaɗi yake yi a kan keke, ya wayi gari a galabaice. Wanda yanayinsa ya hau ba ya jin buƙatar barcin sam.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka tunzura shi. Rashin barci da kansa na tayar da hawan ga mai wannan ciwo. Maganin damuwa irin amitiriftilin, idan aka ba mai baifola shi kaɗai ba tare da mai daidaita yanayi ba, yana iya cilla shi sama. Tiramadol kuma, wanda yake haɗawa da shayi mai kauri don ya jure zama, na taɓa sinadaran ƙwaƙwalwar da amitiriftilin ke taɓawa, kuma haɗa su na iya jawo farfaɗiya. Mai kemis ya ji rabin labari ya ba da maganin rabin ciwo, shi ya sa wannan ba aikin kanti ba ne.

Likita ya tsayar da amitiriftilin, ya tsara yadda za a bar tiramadol. Baliyam kuwa ya hana a yanke shi rana ɗaya, don wanda ya wuce wata guda yana sha kullum jikinsa ya saba, yankewa farat ɗaya na dawo da fargabar ninki biyu, wani har da jijjiga. Ana rage shi ne kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ya sa aka auna hanta da jini da ƙoda da tayirod da ke a maƙogwaro, sannan ya ɗora shi kan sodiyam balfuret, maganin daidaita yanayi. Akwai kuma litiyam, wani maganin daidaita yanayin, wanda ya daɗe ana amfani da shi kuma yana aiki sosai, amma yana buƙatar awon jini a kai a kai, awa 12 bayan shan ƙwayar ƙarshe, kuma zafin Maris da Afrilu, ko gudawa, ko shan diklofenak don ciwon baya, na iya sa ya taru a jini ya zama guba. Game da balfuret likita ya ja kunnen uwargida da kyau: kada ta kuskura ta sha ko ta ba wata mace don an ga ya yi wa maigida amfani, yana illa ga ɗan da ke ciki.

Sauran aikin na gida ne, kuma an raba shi. Malam Tela zai riƙa kwanciya ƙarfe 10 na dare ya tashi da asuba, ko da ɗinki ya taru. Babu goro, babu shayi ko kofi ko lemon ƙara kuzari bayan la'asar, domin rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da mutum ya sha a cikinsu na nan a jininsa bayan kimanin awa 5. Uwargida za ta riƙe ƙaramin littafi, kowace safiya ta rubuta awa nawa ya yi barci, yanayinsa na jiya daga 3 ƙasa da sifili zuwa 3 sama da shi, da duk wani kashe kuɗi da ba a saba ba. Idan aka yi dare biyu a jere barci bai kai awa 5 ba kuma bai gaji ba, ba za a jira ranar da aka rubuta a kati ba, asibiti za a koma. Katin banki zai zauna a hannun Yaya na ɗan lokaci, da yardar mai shi. Ragowar amitiriftilin da kwalbar fiya-fiya da ke bayan ƙofa kuma a ranar aka fitar da su daga gidan.

Don farmakin fargaba aka koya masa numfashi: ya ja iska ta hanci yana ƙirga 4, ya sake ta a hankali yana ƙirga 6, ciki ne zai riƙa tashi ba ƙirji ba, na tsawon minti 5, safe da yamma. Inda mutane ke kuskure shi ne sai abin ya taso suke gwadawa, alhali hannu bai saba ba. Kuskure na biyu ya fi wannan: gudu. Duk ranar da ya bar shago don gaba ta faɗi, ƙwaƙwalwa na ƙara yarda cewa shagon ne haɗarin, har a wayi gari ba ya iya shiga Kasuwar Barci sayen zare. An haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam da za su riƙa zama sau ɗaya a mako, su bi wuraren da yake gudu ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

A hanyar dawowa, cikin Keke Napep, ya tambayi yayansa abin da zai faɗa wa 'yan majalisa. Yaya ya ce majalisa ba ta buƙatar bayani, ya zaɓi amininsa guda wanda bakinsa ke da nauyi, da limamin masallacinsu, su biyu sun isa su riƙa leƙo shi idan an kwana biyu ba a gan shi a sahu ba. Haka aka yi. Limamin ne ma ya raka shi gidan mutum na farko da ya riƙe wa shadda, aka ba da haƙuri, aka sa sabuwar rana.

Mako uku da fara maganin, barci ya daidaita, ya buɗe shago rabin yini. Sai ga wata sabuwa: hannunsa ya fara ɗan rawa, zare ya ƙi shiga allura sai yaro ya sa masa, ga mai injin surfani ya aiko a karo na biyu. A kashi na 5 za mu ji yadda ya yanke shawarar ajiye maganin ba tare da ya gaya wa kowa ba, da abin da littafin uwargida ya nuna a daren na huɗu.