Ranar da na ga Viola ido da ido

Asabar, Landan.

Yau na cika wani tsohon buri, domin na je gidan wasan kwaikwayo na Globe da ke bakin kogin Thames, na kalli wasan Shakespeare ɗin nan da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Tikitin tsaye na saya, saboda shi ne daidai aljihun ɗaliba. An buɗe wannan gini a 1997, bisa fasalin na asali da aka gina a 1599 wanda gobara ta cinye a 1613, kuma tsakiyarsa babu rufi. Da aka fara yayyafi sai kowa ya ja hular rigarsa, tun da ba a yarda a buɗe lema a wurin ba.

Viola ce ta kai ni. Tun ina 'yar sakandare na san labarinta: jirgin ruwa ya kife da ita, ta zaci tagwayenta Sebastian ya halaka, ta yi shigar maza da sunan Cesario, ta kama aiki a gidan basarake Orsino, shi kuwa ya mai da ita ɗan aikensa zuwa wurin Olivia da yake nema da aure. A takarda ban ɗauke ta da wani nauyi ba, har nakan ce haƙurinta ya yi yawa. Amma da aka zo wurin da take ba Orsino labarin wata 'yar mahaifinta da ta ɓoye soyayya a zuci har ta rame, alhali kanta take nufi, sai mai wasan ta sunkuyar da kai, ta riƙa murza bakin hannun rigarta, ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta ƙarasa. Ina kusa da dandamalin ƙwarai, har ina ganin digon ruwa a gashin idonta. Wannan shirun ba ya cikin littafi, kuma a cikinsa na gane cewa kawaicinta ba rashin ta-cewa ba ne. Mace ce da ta san bakin abin da za ta faɗa ba tare da asirinta ya tonu ba.

Olivia ba ta burge ni haka ba. Wadda ta sha alwashin zaman makokin ɗan'uwanta shekara bakwai cikin lulluɓi, amma gani ɗaya ta yi wa ɗan aike ta yaye mayafin, kuma mai wasan ta fi karkata ga ba mutane dariya.

A lokacin hutu na zauna ina tunanin cewa sa'ad da aka yi wannan wasa a zauren lauyoyi na Middle Temple a watan Fabrairun 1602, babu mace ko ɗaya a cikin 'yan wasan. Yara maza waɗanda muryarsu ba ta buɗe ba su ke fitowa a matsayin mata, wato 'yan kallon wancan zamani yaro suka gani yana kwaikwayon budurwar da ke kwaikwayon saurayi. Sai a 1660, da Sarki Charles na Biyu ya koma gadon sarauta aka sake buɗe gidajen wasan da aka rufe tun 1642, sannan mata suka fara hawa dandamali a Ingila.

Abu ɗaya ne ban lura da shi ba duk karatun da na yi. Har wasan ya ƙare Viola ba ta mai da kayanta na mata ba, domin suna hannun matuƙin jirgin da ya kife, wanda ke tsare, saboda haka cikin riga da wandon Cesario ta riƙe hannun Orsino suka fita. Na dawo masauki ƙafafuna na zogi, na shanya rigata a jikin ƙofa.