Ƙofa da laifi, makulli da shan guduma

Sana'ata gyaran makulli ce da yankan 'ya'yansa. Shagona ɗan ƙarami ne a ƙasar Gumel, ni da yara biyu masu koyo, da injin yanka guda ɗaya, da babur ɗin da ke kai mu ƙauyuka idan an kira. Galibin masu nemana 'yan kasuwa ne: masu kantin kayan masarufi, masu kemis, masu POS, da masu sito da ke tara riɗi da zoɓo bayan kaka. Ranar Alhamis kuwa, ranar kasuwar Maigatari, tun da asuba waya take fara ƙara, don ba ɗan kasuwar da zai yarda shagonsa ya ƙi buɗuwa a wannan rana ko da na awa ɗaya ne.

Kusan duk mai kira maganarsa ɗaya ce: "Malam, makullin nan ya mutu, ka taho mini da sabo." Nakan taho da sabon, amma sau da yawa a jaka yake komawa gida. A yawancin kiran da nake amsawa makulli lafiyarsa ƙalau, ƙofar ce ta sauka daga inda aka kafa ta. Gane wannan shi ne rabin aikinmu, kuma shi ne rabin da mutane ba sa gani.

Abin da nake fara yi idan na isa shi ne tambaya, kamar yadda likita ke yi kafin ya rubuta magani. Yaushe ya fara? Da safe yake ƙi ko da yamma? Duk 'ya'yan makullin ne ke ƙi, ko na mutum ɗaya? Sai an ɗaga ƙofar ko an danna ta da kafaɗa kafin ya murɗu? Amsar tambayar ƙarshen nan kaɗai takan isa. Duk ƙofar da sai an tallafe ta da ƙafa kafin ta kullu, to ba a cikin makulli gizo ke saƙar ba.

Daga nan sai gwajin da kowane mai shago zai iya yi da kansa. A buɗe ƙofar, a bar ta a buɗe, a murɗa makullin. Idan sakatar ta fito sumul ta koma sumul, to makulli ya fita daga zargi. Sai in goga alli a bakin sakatar, in rufe ƙofar, in murɗa a hankali har ta daki ƙarfen firam, sannan in buɗe. Farin allin zai nuna daidai inda take bugawa. Idan ya fito ƙasa da ramin, ƙofa ta sauka. Idan ya fito a gefe, ƙyauren ne ya lanƙwashe ko firam ɗin ya goce.

Akwai wani mai siton riɗi da ya riga ya sauya makulli kafin ya kira ni, sabon ma ya ƙi. Tun ban taɓa ƙofar ba na ga zanen da gindinta ya yi a kan siminti, layi mai lanƙwasa daga bakin dokin ƙofa zuwa ciki. Na ɗaga kai, sai ga tazarar da ke saman ƙyauren ta fi faɗi a ɓangaren makulli, har haske na shiga. Ƙofa ce ta ƙarfe mai nauyin gaske, amma hinji biyu kacal aka yi mata, na saman kuma waldarsa ta fara tsagewa. Na ce masa, "Alhaji, riƙe bakin ƙofar nan ka ɗaga sama." Ya ɗaga, ta motsa a hannunsa, ya ce, "Ikon Allah! Ashe nan abin yake." Muka kira mai walda, na cire silindar makullin, wato ɓangaren da ake zura ɗan makulli a ciki, na sa a aljihu, aka tallafe ƙofar da itace, aka sake kafa hinjin sama, aka ƙara na uku a tsakiya. Tsohon makullin da ya jefar a kwali shi muka mayar, sabon ya ajiye don wata rana.

Cire silinda kafin walda ba tsirfa ba ce. A cikinta akwai 'yan sifirin sirara ƙwarai, zafi yana kashe musu ƙarfi, tartsatsin walda kuma yana faɗawa ramin makulli ya daskare. Na sha ganin sabuwar ƙofa da makullinta ya mutu tun ranar da aka kafa ta saboda wannan.

Yanayin ƙasarmu ma yana da hannu. Ƙofar ƙarfen da ke kallon yamma, a bazara, takan kullu lafiya da safe, da la'asar kuma ta cije, saboda ƙarfe yana buɗewa idan ya sha rana. Mai shago sai ya rasa gane kan abin, har wani ya fara zargin hannun mutane. Ta katako kuma damina ce lokacinta: tana kumbura a watan Agusta, ta motse da hunturu har harshen makulli ya daina kaiwa raminsa. Idan aka fere ta da yawa a damina, to da sanyi za a ga rana ta tsakaninta da firam. Ga gara, wadda ke cinye firam ta ciki ta bar fenti a waje, sukurori su rasa abin kamawa. Shagunan da aka gina da jar ƙasa aka shafe da siminti su ma ginin na zama kaɗan kaɗan, firam na binsa. Bayan ambaliyar da ta auka wa Jigawa a 2022, ƙofofin da na riƙa gyarawa yawancinsu wannan ne ciwonsu: ƙasa ta jiƙa, gini ya motsa, makulli ya sha guduma a banza.

To idan ƙofa ta fita, sai mu shiga cikin makullin kansa. Irin wanda ya fi yawa yanzu, mai silinda da ɗan makulli shafaffe, wani Ba'amurke ne, Linus Yale ƙarami, ya daidaita fasalinsa, ya yi masa rajista a 1861 da 1865. A ciki akwai ramuka biyar ko shida a jere, kowanne da fil biyu, wato 'yan guntayen ƙarfe sirara, ɗaya kan ɗaya, da sifirin yana danna su ƙasa. Haƙoran ɗan makulli su ke ɗaga kowane fil zuwa tsayinsa, har mahaɗar fil ɗin sama da na ƙasa ta zo daidai da gefen abin da ke juyawa. Idan guda ɗaya ya gaza ko ya zarce, ko da bai kai rabin milimita ba, ba abin da zai juya. Akwai kuma tsohuwar kuba mai dogon ɗan makulli, wadda faifan ƙarfe ne a cikinta maimakon fil. Mutanen Ingila ne suka ƙware a kanta, irin su Jeremiah Chubb da ya fito da tasa a 1818. A sito na ƙauye ni na fi son irin wannan, don kayan cikinta manya ne, ƙura ba ta saurin kayar da ita.

Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabarmu a nan, mu da ke bakin iyakar Nijar. Amma ƙura ita kaɗai ba ta cika kashe makulli ba sai an haɗa mata da mai. Da makulli ya fara tauri sai a ɗura masa man gyaɗa, ko manja, ko baƙin man inji. Kwana biyu zai yi laushi, mai shago ya ji daɗi. Iskar hunturu na zuwa sai ƙura ta manne a man, ta zama ƙullu, fil su maƙale a sama su ƙi saukowa. Man gyaɗa ma da kansa yana daskarewa ya yi danƙo idan ya daɗe. Irin wannan sai na cire silindar na wanke ta da kananzir, na bar ta ta bushe sarai. Abin da nake ba mutane shawara mai sauƙi ne: a goga bakin fensir a haƙoran ɗan makulli, a sa a cire sau da dama. Garin fensir yana sa santsi, kuma ba ya riƙe ƙura.

Hannu yana jin abin da ke ciki tun kafin a kwance. Idan ɗan makulli ya ƙi shiga har ƙarshe, akwai abu a rami: guntun wani da ya karye, tsinken ashana da yara suka cusa, ko laka, domin zanzaro yana son ramin makullin siton da aka daɗe ba a buɗe ba. Idan ya shiga ya yi ta juyawa ba abin da ke motsi, ɗan ƙarfen da ke tura sakata ne ya karye. Idan mariƙin ƙofa ya langaɓe ya ƙi komawa sama, sifirin ɗin cikin akwatin makullin ne. Idan kuwa na maigida yana buɗewa na yaron shago yana ƙi, ko sai an ɗan ja shi baya an karkaɗa, to yankan ne bai yi ba. Wannan yawanci daga kwafin kwafi yake zuwa. Kowane yanka yana ɗan kaucewa, idan aka yanka daga wanda aka yanka, kaucewar sai ta taru. Shi ya sa nake ce wa duk wanda ya sayi sabon makulli ya ɗauki ɗaya daga cikin na asali ya adana a gida, kada a taɓa amfani da shi sai ranar yanka.

Kwaɗo ba shi da dogon bayani. Mutum zai sayi mai tsada ya rataya a maratayin da ƙusa huɗu ke riƙe da shi, kawunan ƙusoshin ma a waje. Ɓarawo ba zai kula kwaɗon ba. Sannan ba duk mai launin tagulla ne tagulla ba. Idan na je sari Kano, ko Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, da ɗan magagari nake tafiya a aljihu. In na ɗan goga gindin na ga fari ya fito, na san fenti ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar sana'ar. Sau da yawa ba a kiranmu sai an gama ɓarna. An sa guduma, an sa kurfi, an kira mai injin yankan ƙarfe ya tsaga ƙofar, sannan a ce mu zo mu gyara. Aikin da wanki da fensir za su gama sai ya koma sayen sabon makulli da facin ƙofa. Idan kuma aka kira mu da wuri muka gano matsalar nan take, sai a ce, "Haba Malam, ɗan wannan taɓawar ce za ka ce a ba ka kuɗi haka?" Saurin nan shekaru aka yi ana tara shi. Maigidana da ya koya mini a Kano, Allah ya jiƙansa, sai da na daɗe ina kwance silinda ina mayar da fil ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki a kan farin ƙyalle kafin ya bar ni na taɓa ƙofar mutane. Duk fil ɗin da ya faɗi ƙasa sai na nemo shi.

Akwai kuma masu yi mana kallon zargi, wai wanda ya iya buɗe ƙofa ba da ɗan makulli ba, ai sai a yi hattara da shi. Ba na jin haushin tsoronsu, dukiyarsu ce. Amma ya kamata a san irin ƙa'idar da muke tsare kanmu da ita. Ba na buɗe shagon da mai shi ba ya tsaye a wurin, kuma sai da shaida, ko maƙwabcin shago ko wakilin sarkin kasuwa ko mai unguwa. Idan rigimar gado ce ko ta haya, ba na taɓawa sai dagaci ko hukuma sun sa baki. Ba na yanka daga hoton waya, ba na yanka daga shatin da aka danna a sabulu. Yaron shago in ya kawo makulli, sai na kira maigidansa ya ji da kunnensa. Wani yaro ya taɓa ce mini, "Baba, ai shi ya aiko ni." Na ce, "To ɗana, ba ni lambarsa mu gaisa." Ya ce zai dawo, ban sake ganinsa ba. Ɗan makullin kuma da ya lalace a wurin yanka, a gaban mai shi nake lanƙwasa shi in ba shi abinsa.

Yaran da nake koya wa ma sai na san iyayensu da gidansu. Suna farawa da shara da wankin silinda, su wuce yanka, su wuce kafa makulli da karanta ƙofa. Buɗe kulle shi ne darasin ƙarshe, kuma ba kowa nake kaiwa can ba. Mu reshe ne na maƙera, kuma a ƙasar Hausa ƙira sana'a ce mai sarauta, ga Sarkin Maƙera nan a garuruwanmu. Ina so yaran nan su riƙe kansu da wannan darajar.

Yanzu ƙofofin ƙasar waje masu sakata da yawa sun fara shigowa ƙauyuka, musamman a kemis da shagunan POS. Murɗawa ɗaya ce ke tura sakata ta gefe da ta sama da ta ƙasa, don haka ramuka da yawa ne za su dace a lokaci guda. Idan magini ya kafa firam ɗin a karkace, ko siminti ya cika ramin ƙasa, mai shago zai yi ta murɗawa da ƙarfi har ɗan makulli ya karye a ciki. Roƙona ga magina da masu walda shi ne su kira mu ranar kafa firam, tun siminti yana ɗanye, mu sa ma'auni, mu toshe ramukan da takarda, mu gwada kullewa da buɗewa kafin a cire itacen tallafi.