Dodon fim mai ƙaramin jari: inda yake da ƙarfi da inda yake karyewa

Mai shirya fim ɗin dodo da ƙaramin jari, a unguwar Aboabo yake ko a Asawase cikin Kumasi, kuɗinsa na farko kan tafi ne a kan fuskar roba, haƙora, farata da jajayen idanu. Da ya biya kuɗin nan sai ransa ya ƙi yarda a ɓoye abin. Zai ce a nuna shi tun minti na biyar, da rana tsaka, daga kai har ƙafa. A nan ne yawancin finafinanmu na ban tsoro suke mutuwa. Aikin ɗauka da tace hoto a Kumasi ya koya mini cewa tsoro yana da araha matuƙar dodo na ɓoye, kuma tsadarsa na farawa ne daga lokacin da haske ya sauka a kansa sosai. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Mai kallo yakan saba da kowace irin mummunar fuska cikin ɗan lokaci, daga nan sai ya koma neman ɗinkin wuya da inda fenti ya tsaya.

Ko masu kuɗi sun sha wannan darasi. A fim ɗin Jaws na 1975, kifin inji da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole Steven Spielberg ya riƙa nuna gangunan da kifin ke ja, da motsin ruwa, da kiɗa. Abin da ya fi razana mutane ke nan.

Ƙarfinmu na farko shi ne masu kallonmu. Ba sai mun ɓata rabin awa muna gamsar da su cewa akwai abin tsoro a dare ba. Yaron Zango ya tashi da Dodon tatsuniya mai haɗiye mutane, ya ji labarin fatalwa da maye da aljanin kan juji, abokinsa na makaranta kuma ya ba shi labarin Sasabonsam na dajin Asante, mai zama a kan bishiya yana zuro dogayen ƙafafu. Tun da William Akuffo ya fitar da Zinabu a 1987, fim ɗin maita da aka ɗauka da kyamarar bidiyo, aka gane cewa mutanen Gana za su biya kuɗi su kalli abin da suke tsoro a gidajensu ko da hoton bai yi kyau ba. Fim ɗin dodo ba ya buƙatar fitaccen jarumi. Baƙuwar fuska ma ta fi, don mai kallo bai san wa zai rayu ba. Ihu kuma ba ya neman tafinta, mai jin Twi da mai jin Dagbani duk za su bi labarin.

Sai wuri. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, da tsakar gida ɗaya, da banɗaki a can ƙarshen lungu, ya fi kowane daji amfani. Kowa ya san tafiyar nan ta ƙarfe biyun dare da buta a hannu. Fim ɗin da ya zauna a gida ɗaya ya huta da kuɗin mota da ɗaukar kaya, kuma mai kallo yana haddace taswirar gidan, ya san cewa daga ɗakin tsohuwa zuwa ƙofar waje sai an wuce bakin rijiya. Wannan sanin shi ke sa zuciyarsa bugawa tun kafin wani abu ya faru.

Rauni kuwa yana fara bayyana a jikin dodon. Ana sassaƙa gangar jikin da soson katifa, a manne da gam ɗin takalmi, a rufe da ruwan roba na lateks da tishu, shafi huɗu ko biyar, kowane shafi ya bushe kafin a ɗora wani. Wanda ya yi gaggawa zai ga sama ta bushe ciki yana danƙo, fatar ta saɓule a ɗauka ta biyu. Fentin mai yana cinye lateks, fentin akirilik zalla kuma yana tsagewa da zarar gwiwa ta lanƙwasa, don haka ana gauraya shi da ɗan lateks ɗin ya riƙa miƙewa tare da fata. Jelatin yana ba da siffar ciwo mai kyau ƙwarai, amma zafin Kumasi da zufa suna narkar da shi, sai dai a ajiye shi a kula mai ƙanƙara a manna dab da ɗauka. Kafin a shafa wa ɗan wasa lateks a fuska, a gwada kaɗan a hannunsa kwana ɗaya kafin nan, saboda akwai waɗanda fatarsu ke kumbura. A shafa basilin a gira da gemu, in ba haka ba cirewar za ta taho da gashi.

Wuri uku ke tona asirin rigar dodo: wuya, wuyan hannu, da zagayen ido. Na biyun farko ana rufe su da gashi, tsumma ko laka. Ido kuwa a baƙanta kewayensa da kwalli har cikin ramin fuskar roba. Gilashi mai launi da ake mannawa a ƙwayar ido, irin wanda ake sayarwa a tebur, ban yarda a sa wa kowa shi ba, idon mutum ya fi fim. Wanda ke son muƙamuƙi mai motsi ya je wajen maƙeran Suame Magazine, za su haɗa masa ƙaramin firam da wayar burkin keke, wani yaro ya tsaya a gefe yana matsawa.

Akwai mutum a cikin rigar nan, kuma wannan ne abin da daraktoci suka fi mantawa. Rigar Godzilla, dodon fim ɗin Japan na 1954, ta kai kusan kilo 100, Haruo Nakajima da ya sa ta kuma ba ya iya jimawa a ciki. Tamu ba ta kai haka nauyi ba, amma soso ba ya fitar da zafi. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, sai a cire kan, a kunna masa fanka, a ba shi ruwa mai ɗan gishiri da sukari. A ware mutum ɗaya wanda aikinsa kawai lura da shi, a kuma tsayar da alamar hannu da ke nufin a tsaya, don ba a jin murya daga ciki. Gam ɗin takalmi ya sha iska kwana biyu kafin wani ya sa kansa a ciki. Soso da gam suna kama wuta nan take, saboda haka kyandir da kaskon gawayi su yi nesa.

Zaɓen wanda zai sa rigar ya fi ɗinkin rigar muhimmanci. Halittar da ke cikin fim ɗin Alien na 1979, Bolaji Badejo ne a ciki, haifaffen Legas, siriri mai tsawon kusan ƙafa bakwai. Siffarsa ce ta sa mai kallo ya kasa yarda cewa mutum ne. A nemi dogo siriri, ko mai rawa da ya iya sarrafa gaɓoɓinsa. A ajiye kyamara ƙasa tana kallon sama. A ɗauki motsinsa da hoto 50 a daƙiƙa, a mayar 25 wajen tacewa, zai yi nauyi kamar babbar dabba. Ko a sa shi ya yi tafiya da baya, a juya hoton: tafiyar za ta fito daidai amma ba irin ta mutane ba.

Jini: kofi ɗaya na gulukos mai kauri irin na masu kek, babban cokali ɗaya na jar kalar abinci, ɗigo biyu ko uku na shuɗiya, ƙaramin cokali na garin cakulan. Ja zalla yana fitowa kamar fenti. Sobolo, wato zoɓo, ya yi ruwa da yawa kuma yana komawa shunayya a kyamara. A kan baƙar fata launin jini ba ya fita sosai, ƙyallinsa ne ke fita, don haka fitila ta zo daga gefe. A tanadi ruwan wanki, tururuwa ba sa jira a gama ɗauka.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duhun fim rashin fitila ne. In babu haske kyamara mai araha takan cika hoton da tsaki-tsaki, YouTube kuma ya ƙara dagula shi. Fitila ɗaya mai ƙarfi a bayan dodo, a sama, da ɗan hayaƙin turare a tsakani, tana ba da siffa ba tare da ta nuna ɗinki ba. Farin kwali a gaban wanda ake bi zai mayar masa da ɗan haske a ido. Wutar Gana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30, shi ya sa ƙananan ƙwayayen LED ke sa hoto ƙifta ido. A mayar da kyamara hoto 25, shata, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke karɓar haske, ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Shuɗin hasken nan na bayan faɗuwar rana bai wuce kamar minti ashirin ba a nan, kuma ya faɗo daidai lokacin magariba. Wanda ya fi sauƙi shi ne na bayan sallar asuba: launin iri ɗaya ne, unguwa kuma ba ta gama tashi ba.

Da za a ba ni zaɓi tsakanin sabuwar kyamara da makirufo mai kyau, makirufo zan ɗauka. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, amma da ya ji gurnanin janareta a ƙarƙashin raɗar jaruma, ya fita daga fim ɗin. Janareta ya tafi bayan katanga, mita 30 ko fiye, da doguwar waya mai kauri. A kowane ɗaki a ɗauki minti ɗaya na shirun ɗakin, kowa ya tsaya cak, don da shi ake ɗinke giɓin da ke tsakanin maganganu. A san lokutan kiran sallah da daren da cocin unguwa ke kwana da lasifika. Da damina, ruwa a kan kwano yana kashe ɗaukar magana gaba ɗaya, a ɗauki hotunan da ba su da magana a ranar.

Muryar dodo ana gina ta ne hawa-hawa. Kukan rago da aka rage wa gudu da rabi, numfashin mutum a cikin bokitin ƙarfe, jan buhun tsakuwa a kan siminti, a ɗora su a kan juna. Karyewar ƙashi daga rake take fitowa, fashewar kai daga kankana. Sai dai mafi yawan masu kallonmu a waya suke kallo, ƙaramar sifikar waya kuma ba ta fitar da sauti mai zurfi. Gurnanin da ke girgiza ɗakin edita zai ɓace a waya in ba a haɗa shi da wani abu mai kaushi a sama ba, kamar ƙarar ƙofa mai tsatsa ko huci. Kiɗa kuma, al'adar da muka gada daga Kumawood, masana'antar finafinan Kumasi, ta shimfiɗa shi daga farko har ƙarshe tana cutar da fim ɗin tsoro. Kiɗan da bai taɓa tsayawa ba kunne yakan daina jinsa. A ɗauke shi daƙiƙa goma kafin abin ya faru, a bar takun silifa da ɗigar famfo.

Aikin kwamfuta shi ya fi jawo mana dariya. Blender, shirin kwamfuta na zana halittu masu motsi, kyauta ne, yara da dama sun iya shi, amma dodon da aka zana aka liƙa ba shi da inuwa, ƙafarsa na zamewa a kan ƙasa, haskensa ya zo daga hagu alhali na ɗakin daga dama yake. Kwamfuta ta fi amfani wajen gogewa: share igiyar da ta ja ƙofa, share hannun mai riƙe da wutsiya, ƙara duhu a kusurwa. Don haka a kafe kyamara a kan ƙafarta, a ɗauki wurin babu kowa, sannan a ɗauka da mutane ba tare da an taɓa ta ba.

A labari, dodo yana buƙatar doka. Dodon tatsuniya yana tsoron karnuka, kowane yaro ya san haka, shi ya sa yake ƙosawa ya ji an kira su. Dodon fim ɗinmu sau da yawa yana iya komai: yau ya ɓace, gobe ya yi harbi da wuta daga ido, jibi ƙofar langa-langa ta tare shi. A tsayar da abin da yake so, lokacin da yake fita, da abin da ba ya iya ƙetarewa, a nuna su tun farkon fim. Ƙarshen da malam ko fasto zai shigo a minti biyar na ƙarshe, mutumin da ba a taɓa gani ba, ya yi addu'a abin ya narke, bai yi wa addu'a adalci ba, bai yi wa labari ba. In malam ne zai warware, ya kasance cikin labarin tun farko, a ga abin da ya sani da abin da tsayuwar ta jawo masa. Raba fim kashi uku don kasuwa shi ma yana tsinka tsoro, minti 80 a dunƙule sun fi.

Kafin a kunna kyamara a je wajen mai unguwa da mai gida, a gaya wa maƙwabta daren da za a yi ihu, don ihun mace da tsakar dare a Zango yana fito da mutane da sanduna. Maƙabarta a bar ta, a haƙa rami a fili. Dattijuwar da za ta fito a mayya a gaya mata gaskiya cewa yara na iya binta da sunan a kasuwa, ta yanke shawara da saninta. In za a haska fim ɗin ga jama'a, dokar finafinan Gana ta 2016 ta sa sai Hukumar Finafinai ta Ƙasa ta duba ta sa masa matakin shekaru.

Wajen tacewa a ƙirga daƙiƙun da dodo ya bayyana. A fim mai minti 80, minti uku ko huɗu gaba ɗaya sun wadatar, kowace fitowa kada ta wuce daƙiƙa biyu sai ta ƙarshe. A fara da sawunsa, sai muryarsa, sai hannu a jikin labule, sai inuwa. Sannan a tara mutum goma da ba su da ɗan'uwa a cikin fim ɗin, rabi su kalla a talabijin da fitila a kashe, rabi a waya. Edita ya zauna a baya da biro yana rubuta mintin da aka yi dariya. Duk inda aka yi, a rage hoton da rabi a sake gwadawa. In an sake dariya, a cire hoton dodon a wurin, a bar fuskar wanda ya gan shi da sautin.