Gidan da kan noti yake zama

Ina shekara ta biyu a shagon da na koyi aikin ƙarfe a Kano maigidana ya fara sakar mini injin huji. Kafin nan aikina shara ne, da miƙa sifana, da zuwa Ƙofar Ruwa sayo noti. Ran nan wani mai injin casar shinkafa daga wajen Kura ya kawo farantin ƙarfe mai kaurin milimita 8, wanda za a shimfiɗa a kwararon da shinkafa take gangarowa. Ramuka 12 yake so, kuma kan kowane noti ya nutse ya yi daidai da fuskar farantin, don kada ƙwaya ko ɓuntu su riƙa maƙalewa.

Notin M6 ne, wato mai kaurin milimita 6, mai shafaffen kai, wanda ƙasan kansa ya tsuke kamar mazurari. Na huda ramukan da baki mai milimita 6.5. Da na zo yi wa kan gurbi sai na tarar an fita aiki da kantasinki, wato ɗan ƙarfen nan mai tsinin mazurari da aka ƙera don wannan aikin. Ban jira ba. Na ɗaura babban bakin huji mai 13, na ɗan taɓa bakin kowane rami, kamar yadda na sha gani ana yi. A ido aikin ya yi kyau, mai shi ya biya ya tafi.

Bayan sati uku sai ga shi da farantin a bayan babur. Noti huɗu sun zube, sauran suna rawa, kuma kowane kai an zagaye shi da baƙin zoben ƙura da dusa.

Maigida bai ɗaga murya ba. Ya shafa tawada a ƙasan kan noti ɗaya, ya zura shi a rami, ya murza, ya zaro. Tawadar ta goge a wani siririn zobe can kusa da wuya, sauran kuwa ko taɓa ta ba a yi ba. Ya ce, "Ɗana, duba nan. Duk faɗin kan nan, a wannan zaren kaɗai yake zaune. Inji yana girgiza daga safe har magariba, me zai riƙe shi?" Na ce, "Baba, ai na ga ya shige." Ya ce, "Shiga daban, zama daban."

A ranar na san cewa tsinin bakin huji na yau da kullum digiri 118 ne, kan notin milimita kuma digiri 90. Gurbin da na yi ya fi kan notin buɗewa, shi ya sa ya dafa ƙasa kawai ya bar giɓi a sama, giɓin kuma ya zama ma'ajiyar datti. Daga baya na gane abin bai tsaya nan ba. Notin inci irin na Amurka digiri 82 ne, na jirgin sama galibi 100, shi kuma ɗan gurbin da ake yi a ƙarshen sandar ƙarfe kafin a ɗora ta a injin lat, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, 60 ne. Tsakanin 82 da 90 ido ba ya rabewa cikin sauƙi, kuma a garin nan tsofaffin injuna na inci da sababbi na milimita duk suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa har yau ba na fara yanka sai notin da za a ɗaura yana hannuna. In mai aiki ya ce zai sayo daga baya, sai in ce to ramin ma sai daga baya.

Farantin nan ba a iya gyara shi da notinsa na farko ba, don in aka sake yanka gurbin kan zai nutse fiye da kima. Sai muka buɗe ramukan zuwa milimita 9, muka koma M8, muka yi musu gurbi na gaskiya. Maigida ne ya sayi notin da kuɗinsa, bai karɓi ko kwabo a hannun mutumin ba, ni ma bai cire mini komai ba. Wannan ya fi faɗa shiga jikina.

Abu na biyu da ya ba ni wahala shi ne gudu. Hannun yaro yana son inji ya yi ta kuka. Amma kantasinki yana cin ƙarfe da faɗin bakinsa duka a lokaci guda, in ka bar shi a gudun da ka yi huji sai ya fara karkarwa, gurbin ya fito da tsage-tsage kamar haƙoran zarto maimakon ya yi sumul. Maganinsa a sauke bel zuwa ƙaramin gudu, a ɗaure farantin tamau, a ɗiga mai, a danna da hannu mai nauyi ba tare da ɗar-ɗar ba. Wanda ya tsaya yana shafa ƙarfen a hankali shi ne yake dakusar da kaifin. Kantasinki mai kaifi ɗaya ya fi mai kaifi da yawa natsuwa, musamman a injin hannu, ko da yake ya fi shi jinkiri. In kuwa ka ga bakin ya koma shuɗi, zafi ya yi masa yawa.

Akwai wani gurbin kuma da ba na mazurari ba, na notin alanki mai kai kamar ɗan gwangwani. Shi rijiya ake haƙa masa mai miƙaƙƙen bango da shimfiɗaɗɗen gindi. Kan M8 faɗinsa milimita 13 ne, tsayinsa 8, don haka rijiyar takan kai faɗin 14 ko 15, zurfinta ya ɗan ɗara 8. Ƙarfen da ake yanka ta da shi yana da ɗan hanci a gaba da yake shiga ramin farko ya riƙe tsakiya. Na fi ƙaunar wannan kayan aikin a kan duk sauran, saboda hancin nan ba ya barin hannu ya kauce. Da shi kuma ake share wa noti mazauni a jikin ƙarfen zubi mai kaushi, a ɗan taɓa kawai har wurin ya yi fes, don wasa, wato ɗan zoben ƙarfen da ake sa wa a ƙarƙashin kan noti, ta kwanta daidai. Masu sa wa birkin manyan motoci sabon fata ma wannan hikimar suke bi: kan ƙusar ribit yana can ƙasa cikin gurbi, don kada ya ci gangar birki.

Amma inda na fi daɗewa ban waye ba shi ne tsabta, don na ɗauka aikin yara ne. Duk ramin da aka huda yana barin ƙaya a bakinsa, musamman ta gefen da bakin hujin ya ɓulla. In ba a kankare ta ba, faranti biyu ba sa haɗuwa sosai. Za ka ɗaure ka ji ya yi tauri, ashe ƙayar ce ta tokare. Bayan kwana biyu girgiza ta murƙushe ta, noti ya saki. Juyi biyu da kantasinki a hannu, ko shafa ɗaya da magagari, ya isa. Ga yanka yatsa da take yi wa duk wanda ya ɗauki ƙarfen bayanka.

Ramin da bai ɓulle ba ya fi haɗari. Garin ƙarfe yana taruwa a gindinsa bayan an yanka tiredi, wato zaren da noti yake murɗawa a ciki, noti ya je ya tokare shi, sifana ta ce maka ya ɗauru alhali kan bai ma matse komai ba. Mai ko ruwa da ya kwanta a ciki ya fi wannan muni, don ruwa ba ya matsuwa: in ka tura noti a kansa da ƙarfi yana iya tsaga ƙarfen zubi. Na ga bulok ɗin inji da aka kawo mana da tsaga daga ramin notin kai, kuma da aka zaro notin mai ne ya biyo shi. Tun daga ranar ba na ɗaura noti a irin wannan ramin sai na zura tsumma a jikin waya na ga ta fito a bushe. In da iska zan busa, sai na sa tabarau na kuma rufe bakin ramin da ƙyalle, don garin ƙarfen fuska yake nufa kai tsaye. Tarkacen da ya nannaɗe a bakin huji kuwa sai an kashe inji, kuma da buroshi, ba da yatsa ba.

Su kansu kayan yankan suna son a kula da su. Alminiyom yana liƙewa a kaifi ya hana shi ci, ɗigon kananzir yana hana hakan. Ƙarfen zubi a bushe ake yanka shi, amma garinsa in ya haɗu da mai da ƙurar hunturu sai ya zama kamar yashi yana cin inji. Maigida yana da wani katako da ya huhhuda, kowane kantasinki da gidansa, an rubuta digirinsa a gefe, don in aka zuba su wuri ɗaya kaifi yana bugun kaifi.

Da na buɗe nawa shagon, irin wannan katakon na fara yi kafin ma in sa ƙofa. Yanzu yara biyu ne a hannuna. Makon jiya ƙaramin ya kawo mini faranti ya ce ya gama. Na juya bayan farantin, na ja farce a bakin rami, farcen ya maƙale. Na miƙa masa tawada da noti ɗaya na ce ya gwada ramukan duka ya zo ya faɗa mini abin da ya gani.